Ƙirar Ƙarfe da Hasken Leza: Bahasi a kan Rabon Manoman Shabu da Maƙeran Lafiya

Mas'alar da na ɗauko domin mu yi bahasi a kanta ita ce wata sabuwar hanyar ƙira, wadda a cikinta ake narkar da garin ƙarfe da hasken leza, ana ɗora shimfiɗa bisa shimfiɗa har siffar abin da ake nufi ta kammala, ba tare da an ɗaga masaba ko an zuba narkakken ƙarfe a mazubi ba. Zan riƙa kiranta ƙirar ɗori. Da yake kuwa a Shabu muke zaune, inda Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa take, a tsakiyar ƙasar doya da shinkafa da riɗi da rogo, ba zai kyautu in tsaya ga ba da labarin abin al'ajabi kaɗai ba. Wajibi ne in auna wannan fasaha da ma'aunin manomin da taraktarsa ta kwanta ana tsakiyar huɗa, da mai injin casar shinkafa na Lafiya wanda guntun ƙarfe ɗaya ya tsayar masa da sana'a. Ra'ayin da zan kafa wa hujja shi ne, rabonmu na kusa a cikin wannan fasaha yana wajen gyaran ƙarfen da ya zaizaye, kuma sayen na'urar kanta shi ne matakin da ya kamata ya zo a ƙarshen duka.

Tun zamanin da, hanyoyin da aka sani na ba ƙarfe siffa ba su wuce uku ba: ko dai a gasa shi a buge shi bisa uwar maƙera, kamar yadda maƙeran baƙi suke yi wa fartanya da garma da lauje, ko a narkar da shi a zuba a mazubi, kamar yadda maƙeran fari da masu zubin tukwanen alminiyam suke yi, ko kuwa a ɗauki dunƙule a yi ta gurza da yanka da huji har a zubar da abin da ba a so, wanda a da aikin magagari ne, a yau kuma aikin injunan gurzar ƙarfe. Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin a Taruga, kudu maso gabas da Abuja, masu binciken kufai sun tono wuraren narkar da tama na mutanen Nok, waɗanda shekarunsu suka haura 2,000. Labarin kafuwar Kano kuma, inda Gwandaran wannan yanki suke danganta asalinsu, yana ambaton maƙeran da suka sauka a gindin Dala neman tama. Ƙirar ɗori ita ce hanya ta huɗu. Wanda ya taɓa tsayawa ya ga magini yana tayar da rumbu, yana aza zoben laka bisa zobe, yana jiran na ƙasa ya yi ƙwari kafin ya ɗora na sama, to ya riga ya kama asalin al'amarin, illa iyaka a nan kaurin kowane zobe bai kai na gashin kai ba, wutar da ke haɗa su kuma haske ce.

Tara haske wuri guda har ya ƙona abu ilmi ne daɗaɗɗe, malaman Musulunci kuwa suna da babban kaso a cikinsa: Ibn Sahl ya wallafa risala a Bagadaza wajen shekara ta 984 a kan madubai da gilasai masu ƙonawa, Ibnul Haisam kuma ya biyo baya ya faɗaɗa bahasin. Sai dai hasken rana da na fitila a gauraye suke, launuka dabam-dabam, kowane ya nufi nasa wuri, don haka akwai haddin da ba a iya ƙetarewa wajen matse su. Albert Einstein ne ya bayyana a 1917 cewa ana iya zuga ƙwayoyin zarra su fitar da haske mai launi ɗaya, mai tafiya a jere bisa fuska guda, amma ba a sami fitilar da ke aiki bisa wannan ƙa'ida ba sai ranar 16 ga Mayu 1960, sa'ad da Theodore Maiman ya kunna leza ta farko, wadda aka yi da dutsen yaƙutu, a ɗakin binciken kamfanin Hughes a Kalifoniya. Irin wannan haske, idan ƙarfinsa wat 400 ne aka matse shi a ɗigon da faɗinsa bai wuce kashi ɗaya cikin 10 na milimita ba, zafin da ke sauka a wurin daidai yake da kimanin wat miliyan 5 a kan murabba'in santimita guda, kuma a gaban wannan baƙin ƙarfe ba ya da ta cewa.

Carl Deckard, yana ɗalibi a Jami'ar Texas da ke Austin, tare da malaminsa Joe Beaman, su ne a tsakiyar shekarun 1980 suka fara manna gari da gari da leza, galibi garin roba. A 1995 Wilhelm Meiners da abokan aikinsa a Cibiyar Fraunhofer ta fasahar leza da ke Aachen, a Jamus, suka kai ga narkar da garin ƙarfe sarai. A cikin waɗannan shekaru kuma masu bincike a ɗakunan gwaji na Sandia, a Amurka, suka bi wata hanya dabam, ta fesa garin a cikin hasken. Daga nan fasahar ta rabu reshe biyu, kuma fahimtar bambancinsu ita ce ginshiƙin wannan takarda.

A reshe na farko, wato na shimfiɗa gari, da zane ake farawa. Mai zane zai tsara siffar abin a kwamfuta, tsawo da faɗi da zurfi, sannan manhaja ta yanyanka siffar zuwa dubban shimfiɗu, kowace kaurinta tsakanin maikiron 20 da 60, maikiron kuwa shi ne kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. A cikin na'urar akwai ɗaki rufaffe, wanda a samfurin EOS M290, da ya yaɗu a masana'antu, faɗinsa milimita 250 ne kowace fuska, zurfinsa 325. A kori iskar da ke ciki a maye gurbinta da argon ko naitirojin, saboda ƙarfe mai zafi da zarar ya gamu da oksijin sai ya ɓaci. Daga nan wata wuƙa ta baje garin ƙarfe bisa faranti sumul, wasu ƙananan madubai biyu masu saurin juyawa su kora hasken bisa garin da gudun kimanin mita guda a daƙiƙa, yana narkar da gurbin da zane ya nuna shi kaɗai. Farantin ya sauka gwargwadon shimfiɗa ɗaya, wuƙar ta sake baje gari, hasken ya sake bi, yana narkar da sabon garin tare da ɗan saman abin da ke ƙarƙashinsa domin su zama jiki guda. Abu mai tsayin santimita 10, idan kaurin shimfiɗa maikiron 40 ne, sai an maimaita wannan sau 2,500, shi ya sa aikin yakan ci yini da kwana, wani lokaci kwanaki. Garin da kansa ba dusar ƙarfen da magagari ke zubarwa ba ne. Ƙwayoyi ne mulmulallu, girmansu tsakanin maikiron 15 da 45, waɗanda ake samu ta hanyar tarwatsa narkakken ƙarfe da iska mai tsananin ƙarfi a masana'antu na musamman.

Fa'idar wannan wahala duka ita ce, ana iya gina siffar da masaba da mazubi da injin gurza ba su isa su fitar ba, kamar hanyar ruwa mai lauje-lauje a can cikin dunƙulen ƙarfe, ko raga mai kofofi wadda ƙashin mutum ke iya tsirowa a cikinta. Shahararren misali shi ne kan bututun fesa mai na injin jirgin sama samfurin LEAP, wanda kamfanin General Electric yake ƙerawa a Auburn ta jihar Alabama tun 2015: abin da a da gutsattsari 20 ne ake haɗawa da walda ya koma guda ɗaya, nauyinsa ya ragu da kashi 25 cikin 100, kuma zuwa 2021 an ƙera 100,000. Mai hankali zai lura da sifofin da suka taru a wannan misali, wato ƙanƙanta, da sarƙaƙiyar ciki, da tsadar ma'adini, da kasuwar da ke biyan kuɗi mai yawa domin a rage mata nauyi kaɗan. Inda waɗannan suka taru, fasahar tana da riba. Inda suka ɓace, israfi ce.

Illolin wannan reshe kuwa daga tushen aikin suke fitowa. Ɗigon da haske ya narkar yana sandarewa tun kafin ƙiftawar ido, zafinsa yana sauka da gudun da ya kai daraja 100,000 zuwa miliyan guda a daƙiƙa. Kowace shimfiɗa idan ta huce takan tsuke, ta janyo wadda ke ƙarƙashinta, har wani ɗauri ya taru a cikin jikin ƙarfen, wanda yakan tanƙwara shi ko ya tsaga shi tun yana kan faranti. Idan zafi ya gaza, sai gari ya ƙi narkewa sarai, a bar gurabe tsakanin shimfiɗu. Idan ya yi yawa, sai ƙarfen ya tafasa, tururinsa ya haƙa rami mai zurfi wanda bakinsa ke rufewa ya bar kumfa a ciki. Waɗannan kofofi ido ba ya ganinsu, alhali daga gare su tsaga take somawa a ƙarfen da ke juyawa dare da rana. Saboda haka abin da ya fito daga na'ura bai zama kayan aiki ba tukuna, sai an gasa shi a tanderu don ɗaurinsa ya saki, an yanke shi daga faranti, an ɓamɓare ginshiƙan da aka tallafe shi da su, an gurje fuskokin da za su haɗu da wasu, sannan an leƙa cikinsa da hoton da ke ratsa ƙarfe. Maƙerin da ya san sirrin tsoma wuƙa a ruwa ko a mai bayan ta fito daga wuta ba zai yi mamakin wannan ba, gama ya daɗe da sanin halin ƙarfe yana bin yadda ya huce.

To, mu kawo na'urar nan gida mu ga sharuɗɗanta. Farashinta yakan kai ɗaruruwan dubban daloli. Garinta daga ƙetare ake sayowa da kuɗin waje, ya kuma ninka farashin sandar ƙarfe irinsa sau da yawa. Daminarmu ta nan doguwa ce, daga Afrilu zuwa Oktoba, gari kuwa idan ya sha laima sai ya cure ya ƙi bajuwa. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gabar gilasan da haske ke ratsawa. Garin alminiyam da na taitaniyam suna kama wuta, ruwa kuma ƙara musu tashi yake yi, shaƙarsu tana cutar da huhu. Game da lantarki, haƙiƙa tashar Akurba mai ƙarfin kilobolt 330, da aka buɗe a Lafiya a 2022, ta kawo sauƙi, amma aikin da ɗaukewar wuta ta 'yan mintoci take iya bar masa tabo a tsakiyar jiki yana buƙatar tanadin da ya wuce wannan. Wanda duk ya ce za a ƙera wa manomin Shabu fartanya ko haƙorin garma da irin wannan na'ura bai yi wa manomin adalci ba, tun da maƙeri yana fitar masa da su daga tsohon sifirin mota da gawayin ƙirya, da kuɗin da aljihunsa zai ɗauka.

Reshe na biyu, na fesa gari, shi ne nake roƙon mahalarta su ba shi hankalinsu. A nan babu ɗakin da aka cika da gari. Akwai dai bututu guda, wanda haske ke fitowa ta tsakiyarsa ya narkar da ɗan gurbi a fuskar ƙarfen da ake aiki a kansa, iskar argon kuma tana ɗauko gari, ko a turo siririyar waya, zuwa cikin narkakken gurbin, bututun yana tafiya yana barin layin sabon ƙarfe, mai kaurin rabin milimita zuwa milimita guda ko fiye. Aikinsa bai kai na reshen farko laushi ba, amma yana da wata falala da ta fi komai muhimmanci gare mu: yana iya ɗori a kan tsohon abu. Mu dubi yadda injunanmu suke mutuwa. Da wuya ka ga sandar famfon ban ruwa, ko karanshaf na tarakta, ko sandar haidirolik ta lalace gaba ɗaya. Abin da yakan faru shi ne mazaunin boris ya zaizaye da ƙasa da milimita guda, sai sanda mai nauyin kilo da yawa, wadda sauran jikinta lafiya lau yake, ta zama kayan gwangwan. A injunan casa kuma zaizayar ba ta da makawa, domin kusan kashi ɗaya cikin 5 na nauyin ɓuntun shinkafa ma'adinin yashi ne, yana cin ƙarfe a hankali kullum injin yana juyawa.

Masu waldarmu sun daɗe suna wannan gyara, suna cike gurbin da ya zaizaye da sandar walda, a kai wa mai injin gurza ya mayar da shi awonsa, kuma sun cancanci yabo, don da hannunsu rabin injunan ƙasar nan suke tafiya. Matsalar ita ce wutar walda tana zuba zafi mai yawa a faffaɗan wuri, sai sandar ta ɗan karkace, ƙarfen da ke kewaye da gyaran ya sauya hali, sabon ƙarfe ya gauraya da tsoho har ƙarfinsa ya ragu. Shi ya sa sau da yawa gyaran ba ya ƙetare kaka ɗaya. Hasken leza yana narkar da fatar sama ne kawai, zafin da ke shiga jikin sandar kaɗan ne, gaurayar kuma 'yar ƙanƙanuwa, har ana iya lulluɓe ƙarfe mai araha da wani mai tsananin tauri, kamar garin nikel da aka cuɗa da ƙwayoyin kabaid na tangistin, abin ya fi sabo daɗewa. Ba na ɓoye iyakarsa: ƙarfen zubi da ƙarfe mai yawan sinadarin gawayi suna saurin tsagewa in ba a ɗumama su tukuna ba, kuma faifan garmar tarakta, da ba ya buƙatar daidaiton awo, sandar walda mai tauri ta wadatar masa. Muhallin leza shi ne ƙarfe mai tsada, mai tsananin awo, wanda in ya lalace sai an yi makonni ana jiransa daga Legas ko daga ƙetare, alhali damina ba ta jiran kowa.

Ba sai mun je Turai neman abin koyi ba. A Afirka ta Kudu, cibiyar leza ta hukumar bincike ta CSIR da ke Pretoria ta daɗe tana gyara wa masana'antu ƙarafa da wannan hanya, kuma tun 2011 ta shiga aikin Aeroswift tare da kamfanin Aerosud, inda suka gina na'urar shimfiɗa gari mai ɗaukar abu mai tsawon mita 2. A Bloemfontein kuma wata cibiya ta Jami'ar Fasaha ta Tsakiya tana ƙera wa marasa lafiya ƙasusuwan fuska da muƙamuƙi na taitaniyam. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne, daga cikin waɗanda suka yi fice a binciken fesa gari a can akwai 'ya'yan Nijeriya mata: Farfesa Esther Akinlabi, wadda ta daɗe tana koyarwa a Jami'ar Johannesburg, da Farfesa Patricia Popoola ta Jami'ar Fasaha ta Tshwane, da Rasheedat Mahamood ta Jami'ar Ilorin, wadda ta wallafa littafi sukutum a kan wannan reshe a 2018. Ashe malaman da za su karantar da mu suna nan, ɗakin gwajin ne yake can. Kuma bari in ratsa in ce, wani gaurayen nikel da ake yawan ƙerawa da leza domin injunan jirage, mai suna Inconel 718, kimanin kashi 5 cikin 100 nasa niyobiyam ne, wanda ake fitarwa daga kwalambait, ma'adinin da Nijeriya ta fi kowace ƙasa fitarwa a shekarun 1950, kuma ake haƙa a duwatsun Afu na wannan jiha tamu. Muna sayar da dutse, wasu suna mayar da shi gari, kuma ratar da ke tsakanin farashin biyun ita ce kuɗin ilmi.

Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa tushen sana'o'i, irin su noma da saƙa, a cikin farillan kifaya, waɗanda idan al'umma duka ta bar su ta yi laifi, idan wasu suka tsaya da su sun ɗauke wa saura. A ganina wannan fasaha haka hukuncinta yake: ba a neman kowace makaranta ta mallaki na'ura, ana neman a sami wuri ɗaya a wannan yanki da zai tsaya da ita bisa haƙƙinta. Tarihin masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, da aka ƙulla kwangilarta a 1979 kuma har yau ba ta kai ga abin da aka gina ta dominsa ba, ya isa ya koya mana hatsarin gabatar da gini a kan sharuɗɗansa. Abin da za a fara da shi ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma a nan Shabu ya fi dacewa a fara shi, domin nan ne ɗaliban noma suke kusa da gona: a fita da su wurin masu casa da makanikan tarakta da masu famfunan fadama, a buɗe daftari, a rubuta wane ƙarfe ne yake lalacewa, a wane inji, ta wace fuska, bayan wane tsawon aiki, nawa ake sayensa, kwana nawa ake jiransa. Kowane ɗaya a auna shi da ma'auni mai kaifi, a zana shi a kwamfuta, a taskace zanen. Wannan daftari shi zai raba mana abin da maƙeri zai buga, da abin da mai walda zai cike, da ɗan ragowar da ya cancanci leza. Zanen kuma tun yau yana da amfani, domin ƙaramar na'urar ɗorin roba, wadda kuɗinta bai fi ƙarfin sashe guda na jami'a ba, tana iya fitar da samfurin da mai zubi zai danna a yashi ya zuba alminiyam ko tagulla. Bayan wannan sai tanderu mai ma'aunin zafi, da injin gurza mai daidaito, da na'urorin gwada tauri da duba tsaga. In waɗannan sun zauna, an sami hannayen da suka ƙware da su, to a lokacin ne za a yi maganar bututun leza, a cibiya guda da Jami'ar Tarayya ta Lafiya, da Kwalejin Fasaha ta Isa Mustapha Agwai, da cibiyar injunan noma ta hukumar NASENI da ke Lafiya, da wannan tsangaya za su yi tarayya a cikinta. Waɗanda za a fara horarwa kuwa, ina ganin a ɗauko su daga masu walda da 'ya'yan maƙera, saboda idon da ya saba karanta launin narkakken ƙarfe ya riga ya yi rabin karatun.

Saura mas'alar lamuni, wadda masu sha'awar sababbin na'urori sukan tsallake. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risalar Ibn Abi Zaid, sun ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka ba su suka keɓanta da su, domin kiyaye dukiyar jama'a. Karanshaf ɗin da aka gyara, in ya karye a tsakiyar aiki, yakan tafi da injin duka, wani lokaci har da lafiyar mai tuƙi, kuma aibin da ke cikinsa ba wanda mai tarakta zai iya gani ba ne ranar da ya karɓa. Don haka ya wajaba kowane ƙarfen da ya fito daga cibiyar ya ɗauki lamba, a rubuta irin garin da aka ɗora masa, da ƙarfin hasken, da sakamakon gwajinsa, da sunan wanda ya yi aikin. Rukunin farko kuma kada a miƙa wa manomi ko ɗaya daga ciki, sai an ɗaura su a injunan gonar wannan tsangaya sun yi damina guda cur, an kwance su an sake aunawa.